Haruffan da Ɗahiru Ya Gyara

Duk wanda ya yi harkar albasa tsakanin Aliero da Jega a shekaru arba'in ɗin nan, ko bai san fuskar Ɗahiru mai tambari ba, ya san hannunsa. Shi ne mai buga sunan 'yan kasuwa a jikin buhu. Idan babbar mota ta ɗauki buhu ɗari uku na mutum goma ta nufi kudu, ba abin da zai raba kayan wannan da na wancan sai sunan da ke jikin algarara. Wasu kan zana nasu da tsinke da fenti, ya fito a karkace kamar sawun kaza. Amma wanda ke son a hango sunansa tun mota ba ta tsaya ba, wurin Ɗahiru yake zuwa.

Shagonsa yana Sabon Garin Jega, ɗan ɗaki ne wanda in mutum biyu suka zauna, na uku sai ya tsaya a bakin ƙofa. Bai yi boko ba. Allo ya yi, ya ɗan taɓa, noma ya janye shi. Haruffan boko kuwa a hannun wani Bayarabe mai rubuta allunan shaguna ya koye su yana saurayi, kuma a juye ya koye su, domin harafin da za a buga dole a sassaƙa shi yana kallon baya, kamar yadda mutum ke ganin kansa a madubi. Har ya tsufa, in aka miƙa masa takarda, sai ya ɗaga ta wajen haske ya karanta ta bayanta. Ya ce ta nan ta fi masa sauƙi.

Da Bayaraben ya koma garinsu, Ɗahiru ya nemi busasshen itacen maɗaci ya sassaƙa nasa haruffan, ashirin da shida, kowanne kamar tafin hannun babban mutum. Damina guda ya yi yana wannan aiki. Yana ajiye su cikin akwatin ƙarfe. Idan kakar albasa ta zo, sai ya ɗaure akwatin a bayan babur ya tafi Aliero, ya shimfiɗa buhu a kan faffaɗan katako, ya dangwala harafi a kan tsohon bargon da ya jiƙa da baƙin fenti da kananzir, ya ɗora, ya danna da ƙarfin kafaɗa. Harafi ɗaya, sannan na biye. Ba ya sauri, ba ya kuma hira in yana bugu.

Yana da wata al'ada da bai taɓa fasawa ba. A farkon kowace kaka, kafin ya taɓa buhun kowa, sai ya warware takardar buhun siminti ya buga haruffan nan duka a jere, ya duba ko fenti ya yi kauri ko ya yi ruwa. In ya gama dubawa ba ya jefar da takardar. Malaminsa na allo ya hore su cewa ba a yar da rubutu a ƙasa a taka, shi kuwa Ɗahiru bai ga dalilin da zai sa ya ware na boko ba, tunda da su ake rubuta Muhammadu da Abdullahi. Sai ya naɗe ta ya cusa a saman azara, inda ta bara take. Haka suka taru, ba don yana nufin wani abu da su ba.

Itace dai itace ne. Shekara ta goma sha, akwatin ya kwance daga babur a kan hanyar Aliero, amalanke ta bi ta kan A, ta ɓalle masa gefen ƙafar dama. Wata damina da ciwo ya kwantar da Ɗahiru wata uku, gara ta shiga akwatin ta ci cikin R, ta bar masa ƙananan ramuka kamar zanzana. M ya sha rana ya tsage daga sama zuwa tsakiya. O ya zaizaye ta gefe guda. Duk inda itace ya ɓalle, fenti ba ya kamawa, sai farin buhu ya leƙo. Kowace shekara Ɗahiru kan duba takardar gwajinsa ya ce, bana dai sai na gyara. Kowace shekara kaka kan zo ta same shi bai gyara ba. 'Yan kasuwa ba su taɓa yi masa ƙorafi ba, amma shi abin yana ci masa rai. In ya wuce wurin lodi ya ga sunan mutum da gurguwar ƙafa, sai ya kau da kai.

Yana da shekara saba'in da ɗoriya, ido ya fara hazo, wata rana da hantsi wata budurwa ta yi sallama a bakin shagon, da jaka a kafaɗa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce ita ce Hamida, ɗiyar marigayi Alhaji Yari na Maiyama.

Ɗahiru ya ajiye abin da ke hannunsa. Shekara talatin yana buga wa Alhaji Yari buhu.

"Allahu akbar. Ke ta wadda Alhaji ka zowa da ita Aliero, kina kuka albasa ta shigam miki ido?"

"Ni ta, Baba."

"To zamna, ɗiyata. Ina Hajiya? Ina gida?"

Bayan an gama gaisuwa ta faɗi abin da ya kawo ta. Ta yi karatu a jami'ar Aliero, yanzu aikinta tsara katin biki da sitika da allunan talla a kwamfuta. Mahaifiyarta, Hajiya Luba, ta haɗa matan unguwarsu a Maiyama suna shanya albasa suna niƙawa, suna zuba garin a roba suna sayarwa. Ana son sitikar da za a liƙa a jikin robar. Hamida ta ce tun ranar da aka faɗa mata, ba abin da ke zuwa mata a rai sai rubutun buhunan babanta. Ta nemi ko da buhu ɗaya a gida, ba ta samu ba, duk sun bi albasa sun tafi.

Ta fito da waya ta nuna masa. Ta ce a kwamfuta akwai haruffan da ake yi musamman don su yi kama da tsohon bugu, a ciccije, a koɗe, kamar sun sha wuya. Masu sayar da kaya suna son su, domin mai saye in ya gani sai ya ji kamar abin ya daɗe, ba jiya aka fara shi ba. Ɗahiru ya kusantar da wayar ga idonsa ya daɗe yana kallo.

"Wanga da gangan anka lalata shi?"

"Da gangan, Baba."

"Ikon Allah. Mutum shi zamna shi ɓata abu mai kyau, kuma a ce mishi sannu da aiki."

Ta yi dariya. Ta ce ta gwada su duka, ba wanda ya yi kama da na buhun babanta. Abin da take so, ya buga mata haruffansa a farar takarda, ta ɗauki hotonsu, ta mayar da su cikin kwamfuta yadda kowa zai iya rubutu da su. Ba sitikar Maiyama kaɗai ba. Duk mai aiki irin nata, ko a Legas yake, zai iya ɗauka. Kuma za ta sa musu suna, Haruffan Ɗahiru, yadda duk wanda ya buɗe zai ga sunan a sama.

Nan maganar ta tsaya wa Ɗahiru. Buhu dai yana tafiya, a juye albasa, ya ruɓe a wata kasuwa, ba wanda ya san wa ya buga. Wannan kuwa abu ne da ba ya ruɓewa, kuma sunansa yana bisa. Ga shi ido ya fara tafiya, ya san kakar da ta rage masa ba ta da yawa. Ashe abin da zai bari a duniya da sunansa shi ne gurgun A da R mai zanzana? A ce ga aikin Ɗahirun Jega, mutumin da ya shekara arba'in bai iya gyara ƙafar harafi ba?

Bai faɗa mata wannan ba. Ya ce, "Ki ba ni mako ukku."

Ta dube shi, kamar ta hango abin da ke ransa. "Baba, don Allah kak ka taɓa su. Yadda suke ɗin nan nike son su."

"Na ji, ɗiyata."

Ya ji ɗin kuwa, amma yadda ake jin baƙo. Baƙon kirki in ya ga an kama kaza yakan ce don Allah kada a wahala, ruwa ma ya isa. Ba a taɓa sakin kaza saboda wannan magana ba. Ɗahiru ya ce a ransa, Alhaji Yari ya bar tarbiyya, yarinya tana jin nauyin sa tsoho aiki.

Washegari ya sayo gam da samfefa. Ya tara garin katako mai laushi ya kwaɓa da gam, ya cike ramukan R ɗaya bayan ɗaya da tsinken tsintsiya. Ya ɗure tsagar M, ya ɗaure shi da igiya kwana uku. Ya samo guntun maɗaci ya fiƙe wa A sabuwar ƙafa, ya manna, ya daidaita har yatsa ba ya jin gaɓar. Sannan ya bi fuskar kowane harafi da samfefa, ya cinye tsohuwar fatar da ta koɗe, ya sake fito da baki da 'yar wuƙar sassaƙa. Ido ba ya ba shi dama sai rana ta ɗaga, don haka yakan kwashe aikin zuwa gida ya zauna a tsakar gida, inda haske ya fi.

Matarsa Gudiya tana tankaɗe a gefe, tana kallonsa.

"Malam, shekara nawa nike ce ma ka gyara ƙafar kujerar ga, ba ka gyara ba. Yau ga ka kana ma icce kwalliya kamar amariya."

"Kujera ba ta zuwa Legas."

"Ita yarinyar ba ta ce a bar su ba?"

"Kunya ta."

"To. Kai ka san ɗiyan zamani, ni ban san su ba."

Aka shiga mako na uku, sai ga saƙon Alhaji Abdulmalik na Aliero, yana da lodi zuwa Anaca. Wannan Alhajin taubashin Ɗahiru ne, ɗan ƙanwar mahaifinsa, tun suna yara ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Ɗahiru ya tafi da gyararrun haruffa ya buga masa buhu sittin. Da ya ɗaga A na farko ya ga ƙafa biyu sun tsaya cif, baƙi ya kama ko'ina, sai ya ji wani sanyi a ƙirji wanda ya daɗe bai ji ba. Alhaji yana can yana faɗa da masu lodi, bai ko duba ba.

Ranar da aka yi alkawari Hamida ta zo da farar takarda mai kauri a naɗe. Ɗahiru ya share katakon bugu, ya jiƙa bargo, ya buɗe akwati. Ya buga A, ya buga B, ya bi su a jere har ƙarshe, bai ɗaga kai ba. Da ya gama ya ja baya ya goge hannu a tsumma.

Hamida ta tsaya a kan takardar. Haruffa ashirin da shida, sumul, kowanne baki kamar an yanka da reza.

"Baba, ka gyara su."

"Na ɗan taɓa."

"Har da A."

"Shi yaf fi ba ni wahala."

Ta ɗora yatsa kusa da ƙafar A, inda farin nan yake fitowa a da, ba ta taɓa ba don fenti bai bushe ba. Sannan ta ce, "Sannu da aiki, Baba. Allah shi saka." Ta ɗauki hoto biyu ko uku, ta naɗe takardar, ta yi sallama.

Ɗahiru ya raka ta da ido har ta sha kwana. Mai sana'a ya san yadda mai kaya ke tafiya in ya gamsu: yakan tsaya a hanya ya sake buɗewa ya duba. Hamida ba ta buɗe ba. Ta saƙale takardar a hammata kamar tabarmar aro.

Mako guda, mako biyu, ba labari daga Maiyama. Ɗahiru bai ce wa kowa komai ba. Yana buɗe shago, yana rufewa.

Sai ga Alhaji Abdulmalik ranar kasuwar Jega, tun daga nesa yana ɗaga murya.

"Ina tsohon ga? Ina mai son kashe min kasuwa?"

"Ga ni, bawana. Shigo ka gaida ubangijinka."

"Wa ab bawanka? Kai, mi kay yi ma haruffan ga naka?"

Ya zauna a kan benci ya ba da labari. Mota ta isa Anaca, dillalin da ya shekara ashirin yana karɓar kayansa ya zo ya duba buhuna, ya hana a sauke. Ya ce wannan ba kayan Alhaji Malik ba ne, wani ne ya kwaikwayi sunan don ya shigar da albasarsa. Direba ya rantse, dillali ya ce shi ba ya karatu sosai, amma ya san A ɗin Alhaji gurgu ne, M ɗinsa kuma a tsage yake. Sai da aka kira Alhaji a waya, ya yi magana da bakinsa, sannan aka kwance igiya. Rabin yini albasa tana cikin rana.

"Shekara ashirin mutumin ga ba sunana shike karantawa ba," in ji Alhaji. "Gurguntakar ga taka shike dubi. Kai ko ka tashi ka yi mata ɗori."

"Da ka gaya min."

"Ni na sani? Ni albasa nika dubi, ba rubutu ba. Yanzu dai ɗauko guduma mu sake karya ta."

"Ka karya taka ƙafar."

Alhaji ya yi dariya har da buga cinya, ya sha ruwa ya tafi. Ɗahiru bai yi dariya ba. Ya buɗe akwati ya ɗauko R ya shafa fuskarsa. Gam ɗin da ya cika ramukan ana iya tonewa da allura. Amma samfefa ta riga ta ci abin da ta ci, tsohuwar fuskar ta zama gari, Gudiya ta share ta tun tuni. Yarinya ta zo neman hannun da ya rubuta sunan ubanta, ta faɗa da bakinta, shi kuwa ya goge shi a kwana ashirin.

Yana zaune a haka idonsa ya kai saman azara.

Ya jawo benci ya hau, ya sauko da naɗin takardun siminti, ya kai gida. Da safe ya share tsakar gida ya shimfiɗa su ɗaya bayan ɗaya, yana danne kusurwa da duwatsu. Wasu ɓera ya taɓa gefensu, biyu ruwa ya ɓata su. Talatin da bakwai suka fito lafiya. Bai taɓa rubuta shekara a kansu ba, amma bai buƙata ba. Ga ta farko, haruffa sababbi, kamar dai yadda ya mayar da su yanzu. Ga inda ƙafar A ta ɓalle. Ga shekarar ciwo, R ya fito da zanzana. Daga nan tsagar M tana ƙara tsawo, kaɗan kaɗan, har ta kai tsakiya ta tsaya.

Gudiya ta fito da kwano a hannu ta tsaya a bayansa. Ta nuna wata da ƙafa, ba ta taka ba.

"Wagga shekarar da munka yi rufin kwano ta. Na tuna, fentin ya yi ma ruwa kana ta hushi."

"Ita ta."

"To mi zaka yi da su?"

"Maiyama za ni."

"Kai da kanka? Ka aika mana a kira ta."

"Ita taz zo sau biyu."

Ya naɗe su cikin tsohon zane, ya hau motar Maiyama. Ya sami gidan marigayi ba wuya, ko yaro ya san shi. Ƙamshin busasshiyar albasa ya tarbe shi tun daga zaure. Aka shimfiɗa masa tabarma, Hajiya Luba ta zo ta zauna daga bakin ƙofa suka gaisa, suka yi wa Alhaji addu'a. Hamida ta fito, ta durƙusa, tana mamakin ganinsa.

Bai yi doguwar magana ba. Ya ce, "Kin ce kar in taɓa, nit taɓa. Na ɗauka kunya ta. Icce kam ya riga ya tahi, amma ga abin da yab bari."

Ya kwance zanen. Hamida ta ɗaga ta farko, ta ɗaga ta biyu, sannan ta zauna dirshan a ƙasa ta shiga jera su har zaure ya cika. Hajiya Luba ta miƙo wuya daga inda take. Ba ta iya boko ba ita ma, amma ta nuna wata daga cikin na ƙarshe ƙarshe ta ce, "Waccan. Haka sunan Alhaji yake shekarunshi na ƙarshe." Ta ja mayafi ta rufe fuska ta koma ciki.

Hamida ta ɗauki takardar da uwarta ta nuna, ta ce, "Baba, ka yarda in yi da wagga? Da sunanka?"

Ɗahiru ya dubi takardar. Ita ce wadda ya fi jin kunya a cikinsu duka. A gurgu, R kamar rariya, O ya kusa buɗewa ta gefe. Ya tuna dillalin Anaca da bai taɓa gani ba, wanda ya tsare mota rabin yini saboda ƙafar harafi.

"Aikina na," ya ce. "Ban iya cewa ba nawa ba na. Ki sa."

Bayan wata guda ta zo Jega da robar garin albasa da kuma doguwar takarda. Sitikar ta yi kalar algarara, rubutun baƙi, GARIN ALBASA NA MATAN MAIYAMA. Ɗahiru ya juya robar a hannu, ya ga tsagar M ƙarama kamar silin gashi, amma tana nan, ta tsaya daidai inda take tsayawa. Ya gyaɗa kai. Sannan ta warware doguwar takardar, inda ta jera haruffan duka yadda za su shiga kwamfuta, da sunansa a sama.

Ya ɗaga ta wajen haske ya bi ta bayanta, kamar yadda ya saba. Ya wuce A, ya wuce M, ya zo wajen ƙarshe ya tsaya.

"Wa yac ci X?"

Hamida ta ɗan yi murmushi. Ta ce a takardarsa X da Q da V sun fito sababbi ful, ba ko ƙwarzane, sun yi dabam da sauran. Shi ya sa ta ɗan cicciye musu gefe a kwamfuta, ta yayyafa musu ɗigo, don su dace da 'yan uwansu. Haka ake yi.

"Kin san dalilin da yas sa suke sabbi?"

"A'a, Baba."

"Shekara arba'in, wa kit taɓa ji Aliero sunanshi da X? Q ma sau biyu nib buga shi, wani Balarabe na, kuma bai dawo ba. Suna kwance cikin akwati suna barci sa'adda A ka shan kahwaɗa. Yanzu ki ba su tabon da ba su yi aikinshi ba?"

"Baba, in an rubuta kalma da su za su hito dabam."

"Su hito. Dabam suke."

"Masu aikin za su ce ban daidaita ba."

"In kin bar su haka, cire sunana ki sa naki, ba ni hushi. Amma in Ɗahiru za a rubuta bisa, gara ba ta ci nan ba."

Hamida ta dube shi, ta dubi takardar. Wannan karon ita ce ta tsaya tana auna ko magana ce ta baki ko ta zuci. Ta ga ya naɗe takardar ya miƙo mata da hannu biyu, yana jira.

"To, Baba. Zan mai da su yadda suke."

Ta mayar ɗin kuwa. Haruffan suka fita da sunansa, ashirin da uku a koɗe, uku sababbi. An ce masu aikin kwamfuta suna amfani da su a allon gidan abinci da jikin riga da kwalin sabulu, wasu kuma sukan tambayi Hamida ko ta manta ne da X. Ɗahiru bai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, bai kuma tambaya ba. Robar garin albasar tana kan kanta a shagonsa, ba a buɗe ba. Gudiya ta nema sau biyu ta sa a miya, ya hana.

Takardun siminti talatin da shida sun koma saman azara. Ta talatin da bakwai tana Maiyama, Hajiya Luba ta roƙa a bar mata.

Yana nan yana bugu, sai dai buhunan da yake iya yi a yini sun ragu. Alhaji Abdulmalik bai daina zuwa da maganar guduma ba, duk kaka sai ya tayar da ita. Ɗahiru yakan ce ƙafar da amalanke ta karya dabam, wadda mutum ya karya da hannunsa dabam, shi kuwa ba zai yi ta biyun ba. Da kakar bana ta zo, ya warware sabuwar takardar siminti ya buga haruffan duka kafin ya taɓa buhun kowa. Ya ɗaga ta wajen haske. A gaɓar da ya manna wa A sabuwar ƙafa, wani farin layi siriri ya fara fitowa. Ya duba shi da kyau, ya naɗe takardar, ya cusa ta inda ta bara take.